Cindo Ɗan Kamasho da Nazarin Alhamis

Duk wanda ya shiga mota daga Ƙonni zuwa Galmi ko Madawa a shekarun nan ya san muryar Cindo, ko da bai san fuskarsa ba. Ɗan kamasho ne a tasha, aikinsa kiran fasinja. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma in ya buɗe baki ya kira sunan gari har masu sayar da mai a bakin titi sukan waiwayo. Mijin yayata Sa'adatu ne, don haka akwai wasa tsakanina da shi. Abin da zan faɗa a nan babu wanda bai riga ya faɗa da bakinsa ba, yana yi yana dariyar kansa.

An haife shi da yatsu shida a hannun hagu, shi ya sa aka kira shi Cindo. Yakan ce tun daga ranar lissafinsa ya karkace, kuma ba laifinsa ba ne. Mahaifinsa manomin gero ne daga Tajaye, wanda gyambo ya kai shi asibitin Galmi. Ƙafa ta warke amma bai koma gida ba. Ya samu aikin ban ruwa a garkar albasa, ya zama Kirista, ya yi aure a can. Danginsa na Tajaye sun yi fushi na ɗan lokaci, daga baya suka ci gaba da aiko masa gero, shi kuma yana aika musu albasa. A wannan gida Cindo ya tashi. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya kai ga jarrabawa, jarrabawar ta ƙi shi, sai ya tsira da karatun Hausa da ya koya a majami'a. Ya ɗauki buhunan siminti a Malbaza. Ya tafi ci-rani Legas, ya dawo da rediyo da tari. Bayan ya auri Sa'adatu suka zauna Ƙonni, wani direba ya ji shi yana kiran akuyarsa da ta ɓace, ya ce masa wannan murya asara ce a bar ta a gida. Haka ya shiga tasha, kuma bai sake fita ba.

Dabarar aikin ba ɓoyayya ba ce. Mota ba ta tashi sai ta cika, fasinja kuma ba ya son shiga motar da babu kowa. Saboda haka ɗan kamasho ya tsaya bakin ƙofa yana cewa saura mutum guda, ko da direba ne kaɗai a ciki. Akwai kuma masu zama a mota don a ga kamar ta kusa cika, in fasinjan gaske sun taru su sulale ɗaya bayan ɗaya. Ni tela ne, amma in ɗinki ya yi sanyi nakan je in zauna masa, da tsohuwar jaka a kan cinya, har da tsaki da duba agogo don abin ya yi kama. Cindo ya ce a duk sana'o'in da na gwada babu wadda na ƙware a kai kamar zaman banza.

Majami'armu ƙarama ce, ɗaki ɗaya mai rufin kwano a gefen gari. Ranar Lahadi mukan ɗan cika, da ƴan Togo masu gyaran gashi da wasu ma'aikata. Amma nazarin Alhamis bayan la'asar na Hausawa ne zalla, kuma ba mu da yawa. Fasto Takama ne ke riƙe da shi. Mutum ne mai sanyin magana, wanda ke iya kwashe yamma guda a kan kalma ɗaya. A shekarar da aka rufe iyaka da Najeriya ya fara mana nazari a kan sunayen da Littafi Mai Tsarki ke kiran Ubangiji da su, musamman waɗanda ke nuna gaskiyarsa da Allahntakarsa. Bai yi nisa ba aka kira shi daga Maraɗi cewa mahaifiyarsa ta faɗi ta karya ƙugu, dole ya je ya zauna da ita.

Ranar da ya faɗa mana, ya tambaya wa zai riƙe nazarin kafin ya dawo. Mu uku ne ke karatun Hausa ba tare da tuntuɓe ba. Ni na sunkuyar da kai ina nazarin igiyar takalmina. Na biyun ya kama tari. Cindo kuwa gyangyaɗi yake a bencin baya, kamar yadda ya saba. Fasto ya kira sunansa, ya farka a firgice, ya ɗauka an gama addu'a ne, ya ce amin da ƙarfi. Fasto ya yi masa godiya. Kafin ya gane abin da ya amsa, an riga an sa masa albarka.

Fasto bai bar masa wani dogon bayani ba. Ya ɗauki tsinkayen tsintsiya ya sa a shafukan da sunayen suke, ya ce ya bi su a hankali, kowace Alhamis tsinke guda. Da muka fito Cindo ya yi ta gunaguni, amma ni na san shi. Kafin mu kai gida ya fara gyaran murya, washegari kuma ya kawo mini farar rigarsa in gyara mata wuya.

Alhamis ta farko sunan shi ne Mai Gaskiya. Cindo ya miƙe gaban mutanen da ba su cika benci uku ba, ya yi ta kwarara murya kamar yana kiran fasinjan Madawa daga ƙetaren titi. Kwano yana amsawa. Jaririn wata mata ya fashe da kuka. Ya karanta wurin da kyau, ban hana shi wannan ba, amma bayaninsa duka bai wuce cewa Allah Mai Gaskiya ne domin ba ya ƙarya, kuma ba ya ƙarya domin shi Mai Gaskiya ne. Ya juya maganar ta kowace fuska har zufa ta jiƙa wuyan da na gyara.

A cikinmu akwai Inna Tsahara, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda mijinta ya rasu tun muna yara. Kunnenta ya yi nauyi, saboda haka ita kaɗai ce muryar Cindo ta yi wa daidai. Da ya tambaya ko akwai mai tambaya, don cika al'ada kawai, sai ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Cindo ɗana, watan jiya ka ce mini saura mutum guda, na zamna cikin motarka tun hantsi har anka yi kiran azahar. To shi wanga da ka ce sunanai Mai Gaskiya, da ya ce shina nan tahe ba da jimawa ba, irin taka ba-da-jimawar ce?"

Ba da ba'a ta yi tambayar ba. Ta gaji ne, ƙafafunta suna kumbura, kuma tana son ta sani. Amma mu muka kwashe da dariya, ni ma har da riƙe ciki, ban tuna a lokacin cewa ranar da take magana a kai ni ne zaune kusa da ita a motar da jakata ba. Cindo ya fi kowa dariya. Ya ce mata zai bincika ya kawo amsa, aka yi addu'a aka tashi.

Sa'adatu ta gaya mini cewa a makon nan bai ci tuwo da daɗi ba. Ya fara tafiya tasha da Littafin a cikin leda, in mota ta tashi ya zauna gindin bishiyar bedi ya buɗe. Direban da ya fi yi wa aiki, Abdussamad, Musulmi ne mai yawan azumin nafila, kuma abokinsa ne tun shigowarsa tasha. Ya tambaye shi abin da yake karantawa, Cindo ya faɗa masa. Abdussamad ya ce su ma a cikin sunayen Allah akwai wanda ma'anarsa Gaskiya, ya karanto masa shi. Suka yi hira mai tsawo, inda suka yarda suka yarda, inda suka rabu kuma, a kan Almasihu, kowa ya faɗi nasa suka sha shayi. Abdussamad ya yi murna da ganin abokinsa ya kama addininsa da gaske. Daga baya ya ce da ya san inda abin zai kai shi da bai yi saurin murna ba.

Tsinke na biyu ya kai Cindo wurin da aka kira Almasihu da suna Amin, aka kuma kira shi amintaccen mashaidi. Wannan ya girgiza shi fiye da yadda na zata. Ya ce mini shekara da shekaru yana cewa amin, a zatonsa ma'anarta an gama, a tashi a ci abinci. Ashe kalmar tana nufin haka ne, tabbas ne, babu ragi. Ashe kuma sunan wani ne. Ya ce shi da bakin da yake kiran wannan suna ranar Alhamis, da shi yake cika mota ranar Juma'a, kuma baki ɗaya gare shi. Na ba shi shawarar da ta dace da mutum irina, na ce kowa ya san maganar tasha ba magana ba ce, kamar gaisuwa ce. Ya ce Inna Tsahara ba ta sani ba.

Ranar Laraba, da kasuwa ke ci, ya yanke shawara bai gaya wa kowa ba. Ina zaune a motar Abdussamad da jakata. Sai na ji ya leƙo ya ce in sauka. Na sauka ina tsammanin fasinja sun taru. Ya leƙa ciki ya ƙirga waɗanda suka rage, ya koma bakin ƙofa, ya cika ƙirji, ya ce, "Galmi, Madawa, saura mutum goma sha ɗaya."

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Sauran ƴan kamasho suka dube shi, suka dubi juna, sannan suka fashe da dariya suna tafawa, a zatonsu sabon wasa ne. Wasu mata biyu da suka nufo motar da kwandunansu suka yi masa godiya sosai, suka juya suka shiga motar da ke kusa, wadda ɗan kamashonta ke rantsuwa saura mutum guda alhali ita ma wayam take. Abdussamad ya fito daga inda yake alwala ya tambaya lafiya. Cindo ya ce lafiya lau, gaskiya ce kawai. Abdussamad ya ce ba ya gaba da gaskiya, amma me ya sa sai a motarsa za a fara ta.

Cindo da kansa ya ce a duk tarihin tasha babu wanda ya zaɓi lokaci mafi muni don tuba. Iyaka a rufe, ƴan kasuwar Illela ba sa shigowa, fasinja ya yi ƙaranci, direbobi suna faɗa a kan mutum ɗaya da akuyarsa. A cikin wannan hali shi kuma ya tsaya yana sanar da duniya yawan kujerun da babu kowa. Ya yi kwanaki a haka. Shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, ya kira shi gefe ya tambaye shi cikin ladabi ko akwai abin da ke damunsa a gida, ko yana jin ciwon kai. Da ya ga da gaske yake, ya ce ba za a kore shi ba saboda daɗewarsa, amma ya bar bakin ƙofa ya koma ɗora kaya a kan mota.

Sa'adatu ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce masa ta yi shekaru tana addu'a Allah ya shirye shi, ba ta san za a amsa mata ana tsakiyar tsadar hatsi ba. Sannan ta ƙara yawan ƙosan da take soyawa da safe.

Mutumin da ya haura hamsin, wanda rabonsa da ɗaukar abin da ya fi kofin shayi nauyi tun zamanin Malbaza, shi ne ya koma hawa kan mota da buhunan albasa. Bai daɗe ba. Wata safiya ya ɗaga buhu, wani abu ya yi ƙara a bayansa, ya tsaya a sunkuye ya kasa miƙewa. Abdussamad ne ya kawo shi gida a kujerar baya, kwance, yana tuƙi a hankali yana yi masa faɗa dukan hanya. A likita, wato asibiti, aka ba shi magani aka ce ya kwanta a shimfiɗa mai tauri, kada ya yi motsi mai ƙarfi.

Mun ɗauka nazari ya tsaya ke nan, wasunmu har da ɗan jin sauƙi. Amma ya aiko cewa a zo gidansa. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, shi yana kwance rigingine a ƙarƙashin rumfa, Littafin a kan ƙirjinsa. Abin da ciwon ya yi mana na alheri shi ne in ya ɗaga murya sai bayan ya soke shi. Dole ya yi magana a hankali. A karon farko muka ji abin da yake cewa. Inna Tsahara kaɗai ta yi ƙorafi, sai aka matso da ita kusa da kansa.

A wannan kwanciya ya bi ta kan sunan nan Ni Ne, wanda Allah ya kira kansa da shi, kuma Almasihu ya faɗa game da kansa. Cindo ya ce ya yi ta jiran a ƙarasa maganar, ni ne wane, ɗan wane, na gidan wane, kamar yadda kowannenmu ke jingina da wani abu kafin a san shi. Sai ya ga ba a ƙarasa ba don babu abin da za a jingina shi da shi. Ya kuma gaya mana wani abu da ya ba mu dariya ya kuma sa mu tunani. Ya ce ranar da ya fara faɗin gaskiya a tasha, a ransa yana jiran motar ta cika nan take, direbobi su taru su yi mamaki, a kawo labarin majami'a a yi ta tafi. Ya ce ashe ciniki ya je yi da Allah, ya ba da gaskiya a biya shi da fasinja, shi da ya ɗauka ya bar kamasho. Da motar ta ƙi cika har fushi ya yi, kwana biyu bai yi addu'a ba don a san ransa ya ɓaci. Ya ce bai ga alamar an damu ba.

Da aka kai tsinke na huɗu, sunan shi ne Immanuwel, wato Allah tare da mu. Inna Tsahara ta zo da man shafawa a ɗan gwangwani, ta ba Sa'adatu, sannan ta tuna masa cewa har yanzu bai ba ta amsarta ba.

Ya ce, "Inna, ranar zuwansa ban san ta ba, kuma ba zan ƙirƙiro miki ba. Amma ni abin da ya sa nake ce miki saura kaɗan, don ina da rabo in kin zauna. Shi ba ya cin komai a zamanki. Kuma ni a waje nake tsayawa, a inuwa. Shi wanga sunan cewa ya yi ya shigo ciki ya zauna tare da mu, zafin da kike ji shi ma ya ji shi. Iyakar abin da na gano ke nan."

Ta ɗan yi tunani, ta ce to, in dai yana ciki za ta iya jira. Sannan ta ce a riƙa shafa man da ɗumi, ba da sanyi ba.

Fasto Takama ya dawo bayan damina ta faɗi. Ya tarar a cikin duk sunayen da ya bari huɗu kawai aka taɓa, domin kowanne sai mun yi makonni muna gardama a kansa. Ya saurari labarin duka, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya rungumi Cindo a hankali saboda bayan, sannan ya karɓi nazarinsa. Cindo ya ce wa kowa an sauke masa kaya. Amma ya yi makonni yana zama a bencin baya da fuska a murtuke, in Fasto ya yi bayani ya raɗa mini cewa shi da ba haka zai ɓullo wa wurin ba.

Tasha kuma ta neme shi da kanta, ba don ta tuba ba. Wanda aka sa a madadinsa muryarsa ba ta wuce bayan mota, fasinja suna wucewa ba su ji ba. Abdussamad ya zo gida suka daidaita. Cindo zai kira sunan gari kawai, ba zai ambaci yawan mutane ba. In wani ya tambaye shi, zai faɗi abin da ke akwai. Masu zaman cika mota kuma ban da motar da yake kira, abin da ya raba ni da sana'ata ta biyu. Wasu fasinjan in sun ji amsarsa sukan tafi wata motar. Wasu, musamman masu kai marar lafiya Galmi, shi suke nema, domin in ya ga motar ba ta da niyyar tashi yakan ce su nemi wata hanya. Ba ya samun abin da yake samu a da. Kuma ba zan ce ya zama waliyyi ba. Ranar kasuwa in rana ta yi zafi tsohuwar maganar takan kuɓuce masa, sai ka ga ya bi mutum har cikin mota yana cewa a yi haƙuri, bakin ne ya riga shi, saura shida ne.

Bara muryar ta fara dishewa, likita ya ce ya rage. Ɗiyarsa Mubaraka, wadda ke aikin jinya a Tawa, ta aiko masa da ƴar lasifika irin ta masu talla, mai ɗaukar magana ta yi ta maimaitawa. Ya ɗauki muryarsa sau ɗaya yana kiran Galmi da Madawa, ya rataye ta a ƙofar mota, shi kuma ya koma kan benci yana shan shayi yana amsa tambayar fasinja. Ya ce ya yi shekaru yana ɗaukan kansa ginshiƙin tashar Ƙonni, ashe batir biyu sun isa su yi aikinsa.

Sa'adatu ce kaɗai ba ta gode wa Mubaraka ba. Ta ce a da yakan dawo gida murya ta ƙare, ya ci tuwo ya kwanta. Yanzu kuwa da muryar yake dawowa cif, kuma ita Sa'adatun ce ke zaune kusa.